Dutsen Dakta Miliyan

Duk ƙasar Daura babu mai ilimin duwatsu kamar Dakta Ikrima. Wanda ke shakka ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Digiri uku gare shi, guduma huɗu, da riga mai aljihu goma sha ɗaya, an ƙirga. Ba ya ambaton lamba ƙasa da miliyan, shi ya sa ɗalibansa ke kiransa Dakta Miliyan. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar Farfesa. Sau biyu yana nema, sau biyu ana ce masa ya kawo sabon bincike.

Ran nan sai Allah Ya kai shi wani ƙauye kusa da Babban Mutum. A gindin bedi, bayan masallaci, ya hango wani baƙin dutse sumul, kamar girman ƙwallon mangwaro. Dattawa bakwai na zaune a wurin, amma mai digiri uku ba ya tambayar manomi. Ya sunkuya ya jefa shi a aljihu na shida.

Ya fasa shi biyu, ya aika rabi Turai aka auna shekarunsa. Duwatsun yankin sun kai shekara miliyan ɗari shida. Wannan ko miliyan biyu bai cika ba, kuma irin na aman wuta ne. Dakta ya yi rawa a ofis. Cikin mako uku ya rubuta shafi tamanin da huɗu.

Ya kwaso manyan jami'a mota biyu zuwa ƙauyen, aka jera kujeru sittin. Ya yi minti arba'in yana bayanin yadda ƙasa take faranti-faranti, kowanne yana matsawa kamar faɗin yatsa biyu a shekara, in sun yi karo duwatsu su tashi. Ya ce “ni” sau talatin da tara. Sannan ya ɗaga rabin dutsen sama.

“Jama'a, a nan inda kuke shanya gero, ƙasa ta taɓa tsagewa ta yi aman wuta. Wannan santsin da kuke gani, aikin ruwa ne na shekara miliyan. Ba kowane ido ke gane haka ba.”

Ana cikin tafi sai wani tsoho, Malam Harisu, ya dogara sanda ya matso. Ya karɓi dutsen, ya shafa, ya jinjina kai.

“Dakta, ashe kai ne. Wata biyar ina cigiyar dutsen taimamata.”

Ya bayyana wa baƙi, cikin ladabi, cewa a Jos ya tsinto shi zamanin da yake haƙar kuza. Tun da ciwo ya hana shi taɓa ruwa, shekara goma sha takwas ke nan, da shi yake taimama sau biyar a rana. Santsin na tafin hannunsa ne.

Dakta ya gyara murya, ya ce ai a kimiyyance dutse yakan yi tafiya.

“Ya yi kuwa,” in ji tsohon. “Kwana biyu muka yi da shi a bayan motar dankali.”

Shugaban sashen su Dakta, wanda ke cikin baƙin, ya rufe littafinsa a hankali. Malam Harisu ya juya dutsen, ya dubi inda aka fasa.

“To, ɗaya rabin fa? La'asar ta kusa.”