Minsharin da Ya Ɗaura Auren Luba

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Luba ba. Ko na so in manta ma mutanen Mungadi ba za su bari ba, don abin yana nan ajiye cikin wayoyinsu.

Ni dillalin albasa ne. A Maiyama aka haife ni, a Jega na yi gida, a kasuwar Aliero nake wuni. Da dako na fara, buhu a ka, har Allah ya sa yau ni ke cika mota in tura Kudu. Bayan ikon Allah, abu biyu suka kawo ni inda nake. Na farko hancina. In na tsaya kan buhu na shaƙa sau ɗaya, zan gaya maka ko akwai ruɓaɓɓiya a tsakiya, ba sai an kwance baki ba. Na biyu shiru. In manomi ya faɗi farashin da bai yi mini ba, ba na gardama da shi. Sai in lumshe ido, in sunkuyar da kai, in bar shi tsaye. Ba kowa ke iya jure wannan shirun ba, kafin in buɗe ido mutum ya sauko da kansa. Duk wanda ya taɓa kawo mini kaya ya san in Alhaji ya rufe ido, to bai yarda ba. (Ku riƙe wannan, da shi za a ɗaure ni nan gaba.)

Luba 'yar yayana ce, Allah ya jiƙansa. Tun da ya rasu ni ne uba, ni ne kuma waliyyi. Wanda ta kawo, Nasiru, ma'aikacin lafiya ne, mai natsuwa. Na bincika ta sama na bincika ta ƙasa ban sami abin kushewa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne baffansa da ya rene shi, Malam Hantsi na Mungadi. Shekara biyu kafin nan ya taɓa kawo mini albasa. Na shaƙa, na rufe ido, da na buɗe na ce ba na saye, a gaban mutane. Ya sa aka mayar masa da kayansa kan mota ya tafi. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Da maganar aure ta taso, sai zance ya bazu cewa wai Alhaji ba ya so, kunyar matar wansa kawai yake ji.

Ana saura mako guda, Inno, mahaifiyar Luba, ta tare ni a zaure.

"Alhaji, don Allah ranar ka saki fuska. Mutanen ga cewa sukai ba ka son abin ga. Yarinyar ga ko abinci ta daina ci."

"Wa ya ce ban so?"

"Fuskarka."

Na yi mata alkawari. Na ce ranar za ta ga haƙorana har na ciki.

To, a makon nan barcina ya ɗan ragu. Ga zafi, ga albasar da na ajiye tana son juyi, ga zirga-zirgar Jega da Maiyama. Ba wani abu ba ne, nakan farka ne kafin lokaci in kasa komawa. Kuskurena shi ne da na faɗi haka a teburin mai shayi, Ɗan'ige yana zaune. Ɗan'ige direba ne, shi ke kai mini kaya Kudu shekara da shekaru, kuma bai taɓa dawowa ba tare da wani sabon abu da zai gyara duniya ba. Ya tashi ya je mota ya dawo da 'yar kwalba.

"Alhaji, ga maganinka. Saiwa ce tsantsa, ba irin na asibiti ba. Guda na sha ran nan, wallahi sai da aka buga ƙofar mota da ƙarfe kana na tashi."

Kwalba ce mai kyau, da hoton fure da jinjirin wata, baki a liƙe. Na ɓare na kai hanci. Jama'a, kun san warin takalmin roba in mutum ya wuni da shi a fadama ya cire? To shi. Da buhu ne ya yi mini wannan warin, ko kyauta aka ba ni ba zan ɗauka ba. Amma da yake a kwalba yake, da rubutun Turanci a jiki, sai na gyaɗa kai na ce, "Wannan warin shi ne ƙarfinsa. Ni na san kaya in na gani." Mutum shida suka ji ni.

Da na isa gida matata Kulu ta juya kwalbar a hannunta, ta yatsine fuska.

"Maganin barci? Kai da ke minshari awa injin ban-ruwa, mi za ka yi da maganin kwana?"

Na ce mata ni ban taɓa minshari ba. (Shekara ashirin da wani abu muna wannan gardamar. Ita ba ta da shaida, ni kuma ban taɓa jin kaina ba, don haka kullum ni ke cin shari'a.)

Daren Talata na haɗiyi ƙwaya ɗaya na kwanta ina jiran a zo a ɗauke ni. Shiru. Jikina ya mutu lis, amma idona tar kamar na mai gadi. Kaina kuwa sai ya buɗe kasuwa. Na tuna mutanen da rabona da su tun ina dako. Na tsara yadda zan sake ginin katangar gida, na rushe, na sake. Har aka kira assalatu ban runtsa ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na yi lissafin dillali: in buhu ɗaya bai cika mota ba, ƙari ake yi. Laraba na sha biyu. Alhamis uku. Juma'a ma uku, har da ruwan ɗumi, wai ko zai fi narkewa. Kulu ta ce in bari, na ce mata magani sai ya saba da jiki. Ɗan'ige kuwa kullum sai ya tambaye ni a gaban mutane, "Alhaji, ya aikin saiwa?" Ni kuma in ce, "Kai, sai godiya." Ta yaya mutumin da ya ce ya san kaya zai dawo ya ce kaya sun san shi? Kwana huɗu, in an tattara duk gyangyaɗin da na yi, bai kai na tsakanin azahar da la'asar ba.

Ranar Asabar na sa babbar rigata, na ɗora hula, muka kama hanyar Maiyama. Abin mamaki, garau nake jin kaina. Na gaisa da jama'a, na yi ta washe baki kamar yadda na yi wa Inno alkawari. Har Malam Hantsi na miƙa wa hannu biyu. Ya karɓa da ɗaya.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan yayana. Kafin nan an kawo mini fura mai sanyi da nono, na shanye kwano guda. Aka zaunar da ni kusa da Liman, ga goro da alewa, ga sadaki an ajiye gabana. Malam Hantsi, wakilin ango, yana fuskantata, mutanensa a bayansa. Ɗan'ige yana can gefe. Liman ya ce kafin a ɗaura zai ɗan yi nasiha kan haƙuri a zaman aure. Mutum ne mai sanyin murya. Iska tana kaɗawa ta ƙarƙashin itacen nan. Na tuna ya ce haƙuri iri uku ne. Na ji na farko.

Abin da zan faɗa daga nan ban gani da idona ba, a waya na kalla daga baya, sau ɗaya, kuma ya ishe ni.

Liman ya gama nasiha. Malam Hantsi ya gyara zama ya ce, "Alhaji, muna nema ma ɗanmu Nasiru auren ɗiyarku Lubabatu, bisa sadakin da munka aje gabanka."

Ga ni zaune daram, ido a lumshe, kai a sunkuye, carbi a hannu. Ko gezau.

Ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Shiru.

A hoton za ka ga yadda mutanen Mungadi suka fara kallon juna. Kusan rabinsu sun taɓa sayar mini da albasa, sun san wannan zaman. Wani dattijo ya ce a hankali, "Ya rufe ido." Wani ya ce, "Ƙari shika so," har ya kai hannu aljihu. Malam Hantsi ya riƙe masa hannu.

"Bari. Ɗiya munka zo nema, ba albasa ba."

Ya faɗa karo na uku, kalma ɗaya-ɗaya. Liman ya ce, "Alhaji, ana magana." Ni ina can inda nake. Daga cikin gida an riga an tsaya bakin zaure ana jira a ji an shafa fatiha a rangaɗa guɗa. Inno ta gaya mini daga baya cewa da labari ya shiga wai na ƙi amsawa, Luba zamewa ta yi ta zauna a ƙasa, ko kuka ta kasa.

Malam Hantsi ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Liman, ka shaida mun yi namu. Ya taɓa yi man wanga bisa kayana, na haƙura. Ba a yi man shi bisa ɗana." Mutanensa suka fara tashi. Ya sa ƙafa ɗaya cikin takalmi.

A daidai nan na ja minshari.

Ba ƙarami ba. Irin mai farawa daga ƙasa ya hau, ya tsaya kamar ya shaƙe, sannan ya sauko da fito. Da na ji shi a wayar nan sai da na ce a raina, Kulu ta yi mini adalci da ta ce injin ban-ruwa.

Kowa ya juyo yana kallona. Malam Hantsi ya tsaya da takalmi ɗaya, ya sunkuyo ya leƙa fuskata.

"Kai! Kwana shika yi!"

Liman ya ja gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ɗan'ige ya sulale ya koma bayan itace. Sai dariya ta fashe tun daga tabarmar gaba har bakin titi. Malam Hantsi ya cire takalmin, ya dawo ya durƙusa gabana, ya girgiza mini gwiwa.

"Alhaji. Alhaji! Tashi ka ba mu ɗiya, ka koma."

Na buɗe ido na ga fuskarsa dab da tawa, hulata ta karkace, yawu ya jiƙa mini wuyan riga, mutum sama da ɗari suna kallona. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Na share baki na ce, "Na ba ku. Wallahi tun tuni na ba ku." Liman ya ce a'a, a bi ƙa'ida, a sake tambaya yanzu da waliyyi ya dawo daga tafiya. Aka sake, na amsa da ƙarfi har sau uku, ido a buɗe kamar na mujiya. Aka shafa. Guɗar da ta tashi daga cikin gida, rabinta dariya ce.

Da ana rabon goro na matsa kusa da Malam Hantsi na gaya masa gaskiya, tun daga kwalba har fura. Ya saurara yana ɓare goro, ya miƙo mini rabi.

"To gaya man, Alhaji. Ran da na kawo maka albasa, shi ma kwana kaka yi?"

Na ce, "A'a Malam. Ran nan albasarka ce ta ruɓe."

Nan take na fara nadamar bakina. Sai ya tauna goronsa ya ce, "Ta ruɓe. Ko gida ba ta kai ba." Muka yi dariya, karo na farko cikin shekara biyu.

Bayan kwana bakwai ango ya zo gaisuwa. Ya durƙusa nesa da tabarma, kai a ƙasa, irin na surukai. Na tura masa kwalbar na ce ya duba mini. Ya karanta ya ce saiwar wani tsiro ce da ake kira baleriyan. Mutane da yawa tana kwantar musu da jiki, amma akwai waɗanda take juya wa, maimakon barci sai ta hana su, kuma ƙara yawa ba ya gyara abin. Ya ce irin waɗannan, ko da an ce saiwa ce, gara a tambaya kafin a sha.

"Baba, nawa kuka sha?"

Na faɗa masa. Bai ɗago ba, amma na ga kunnuwansa suna motsi. Yaron kirki, ya riƙe dariyarsa har ya fita zaure.

A daren da na daina sha na yi barci har Kulu ta taɓa ni ta ji ko ina numfashi. Luba tana ɗakinta lafiya, har ta haihu, kuma Malam Hantsi ni yake fara kawo wa kaya duk shekara. Asarar da na yi biyu ce. Gardamar minshari ta ƙare, don Kulu ta sa an tura mata hoton a wayarta, da na buɗe baki sai ta kunna. Shiruna kuma ya mutu a kasuwa. Yanzu in manomi ya faɗi farashi na lumshe ido, sai in ji ya ce wa na kusa da shi, "Ku samo ma Alhaji matashin kai, mu jira shi tashi." Dole na koyi ciniki da baki kamar kowa, da furfurata.

Hancina dai ya gaya mini gaskiya tun a teburin mai shayi, ni ne na ga kwalba na ƙaryata shi. Yanzu duk abin da Ɗan'ige ya zo da shi daga Kudu, nakan shaƙa, in gode masa, in ce ya kai wa surukina ya fara dubawa.