Ranar da Na Tsaya Ƙarƙashin Gugana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kasuwar da na yi wanka a tsaye, da babbar riga, a gaban Ardon da ya zo tun daga Azagor don ya sayi kayana.

Bari in fara daga farko, domin ni ba na son labari a hargitse. Sana'ata ɗinkin guga a nan Dakoro, irin manyan nan na robar tayar kamiyo, wato babbar mota, waɗanda raƙumi ko sa ke ja daga rijiya mai zurfi. Ina da maɗinka uku, babbansu ƙanena Illa. Wata shekara wani porje na tallafa wa masu sana'a ya kai mu formasiyo, wato horo, a Maradi, inda wani mushe, wato malamin boko, mai tabarau ya koya mana cewa kaya maras inganci yana cin mai shi sau biyu: a aikin da za a sake, da kuma a mai saye da ba zai dawo ba. Ya ce a fara auna ɓarna, a gano tushenta, sannan a rage ta. (Karatuna bai wuce firamare ba, amma duk maganar da aka jera ɗaya, biyu, uku, takan shige ni har ɓargo.)

Da na dawo na tara maɗinkan, na kafa doka. Na farko, duk gugan da aka maido a yage za a rataye shi a bangon rumfa ta waje, kowa ya ga girman asararmu da idonsa. Na biyu, kowane maɗinki zai yi ɗinki da zare mai launinsa, don a san hannun da ya yi laifi. A da, zaren da ake zarewa daga tsohuwar taya muke amfani da shi, baƙi ƙirin, ba ka gane na wa da na wa. Sai na shiga kasuwa da kaina na sayo ja, kore da shuɗi, masu sheƙi.

Illa ya buɗe baki ya ce, "Yaya, amma dai..."

Na ce, "Illa, kai ka je Maradi ko ni?" Ya koma kan ɗinkinsa.

Abin mamaki, bangon ya fara cika da sauri, kuma duk launukan uku suna ciki daidai wa daida. Na yanke hukunci cewa dukansu ragwaye ne, na ƙara musu faɗa safe da yamma. Masu wucewa kan tsaya su kalli bangon su girgiza kai, su zarce rumfar abokin gasata. Ni kuwa na ɗauka tsarina ne ke burge su.

Ana cikin haka rani ya kama, Ardo ya zo. Gugunan rijiyoyin mutanensa gaba ɗaya yake so, cinikin da zai riƙe rumfar har damina. Ya daɗe yana duban bangon, sanda a kafaɗa.

Ya ce, "Mai guga, waɗannan gawarwakin duk naka ne?"

Na ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, wannan shi ake kira auna ɓarna."

"To ai ka auna da yawa."

Mutane suka yi dariya, raina ya sosu. Na ce a kawo sabon guga, zan gwada shi mataki-mataki. Aka cika shi da ruwan kwamin dabbobi na bakin kasuwa (kore shar, har da abin da ba zan faɗa ba), bai ɗiga ba. Aka ja shi sama da igiya a reshen bishiya, bai ɗiga ba. Saura mataki na uku, wanda ba a koya mana a Maradi ba, ni na ƙirƙiro shi nan take: na gyara hula, na shiga ƙarƙashinsa, na harɗe hannuwa.

Na ce, "Ardo, in ɗigo ɗaya ya taɓa wannan riga..."

Ban ƙarasa ba gindin gugan ya buɗe gaba ɗaya.

Sai da na share ido na ga kasuwa ta taru. Hulata na can tana iyo. Ardo bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya sunkuya ya tsinci guntun jan zaren, ya ja shi da yatsu biyu, ya tsinke.

Ya ce, "Wannan ai da shi matanmu ke yi wa zane ado. Wa ya sayo shi?"

Illa ya dubi sama. Sauran biyun suka dubi ƙasa. Ni kuma na tsaya ina ɗiga, mutumin da ya jera doka don kama mai laifi, ya manta bai ba kansa launi ba.

Ardo ya tsallaka rumfar abokin gasata. Mu kuma muka koma zaren taya a ranar, aka kwashe gawarwakin daga bango.

Har yanzu ina auna ɓarna, don maganar mushen gaskiya ce. Amma a bayan rumfa nake aunawa, kuma da mai sayen zare nake farawa. Gwaji na uku kuwa na soke shi. In ka ga dole sai an yi, Illa ne zai tsaya a ƙasa.