Ranar da Aka Yi Ruwan Shuka Nake Takara

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Ko yanzu in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Ina aji biyu a kwalejin ilimi shaiɗan ya raya mini in nemi shugabancin ƙungiyar ɗalibai 'yan yankinmu, wato Gaya da Ajingi. Ba wata ƙungiyar a zo a gani ba ce, benci huɗu ke ɗaukar masu zuwa taro a makaranta. Amma da yara biyu suka ce mini "Kwamared", shi ke nan, kaina ya kumbura. Abokin karawata Mubarak ne, ɗan cikin garin Gaya, mutanensa duk 'yan gari. Ni kuwa ɗan Toranke ne, na ce ai mu 'yan karkara mun fi yawa, lissafi ya ƙare.

Sabi'u, abokina tun firamare, shi na naɗa daraktan kamfen. Hutun nan kaf a kan babur ɗin yayana muka yi shi. Mu je Gafasa, mu dawo Balan, mu tsuguna mu gaida iyayen ɗalibi kafin a kira mana shi. Na sha fura har ta gundure ni, na yi murmushi har muƙamuƙina ya yi ciwo. Mutum sittin da uku suka yi mini alkawari, na rubuta sunayensu a bayan littafin darasi (har yau littafin na nan, ban san me nake jira ba da ban ƙona shi ba).

Abin da ya fi ci mini rai, ni da bakina na janyo. A taron tsara zaɓe aka ce a yi da ƙuri'ar takarda, na miƙe na buga benci na ce ban yarda ba, sai dai a yi ƙato bayan ƙato: kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga ido na ganin ido. Mubarak ya ce ya amince, sai dai a sa Asabar ta ƙarshen hutu. Na ce a sa ko gobe ne. Ni fa ɗan manomi, kullum da yamma ina ganin hadari na haɗuwa a gabas, amma ko a jikina.

Da asubar Asabar ɗin sama ta ɓarke. Ruwa na kirki, wanda aka yi makonni ana roƙo a masallaci. Gari na wayewa Toranke ta zama kango, kowa ya saɓa sungumi ya yi daji, don in rana ta take lemar ta tafi. Na fito cikin farar shadda da ta sha guga, na tarar da Baba a zaure yana juye irin gero a ƙwarya. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ina zuwa haka?"

"Baba, ai yau ne zaɓen."

"Yau ake shuka," ya ce. "Yayanka ba shi da lafiya, ni kuma ka san bayana. Wa zai yi mini sara?"

Da na yi shiru ma da sauƙi. Sai na ce, "Baba, jama'a na jirana. Mutum sittin da uku. In sha Allahu da azahar zan dawo maka a shugaba."

Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi Allah ya kiyaye hanya, ya ɗauki ƙwaryarsa ya fita yana dafe da ƙugu. Na kira Sabi'u sau uku bai ɗaga ba, na ce lallai yana can yana tattaro mini jama'a.

A filin wata firamare a Gaya aka yi abin. Na iso a makare, taɓo har gwiwar wando, na jingine babur a bakin ƙofa na shige da sauri, don har an fara kiran 'yan takara. Doka ita ce ɗan takara ba ya waiwaye sai an gama ƙirga, kada ya harari kowa (wannan ma ni na kawo ta, Allah ya yafe mini). Muka tsaya muna fuskantar bango. Sai na fara jin takun mutane a bayana, ana dariya, ana "matsa gaba, matsa gaba". Zuciyata ta yi fari ƙal. Har na ɗaga hannu sama na dunƙule, ina girgiza shi irin na manya.

Ashe layin Mubarak ne ya yi tsawo, ga ruwa ya kwanta a bayansa, shi ne ya lanƙwaso ta bayana.

Mai ƙirga ya gama da shi, arba'in da ɗaya, aka yi ta tafi. Ya iso kaina. Ina jira in ji ya fara zuba lamba, sai na ji ya ce, "Ɗaya." Ni kuma hannuna na sama.

Sai na ji mai ƙirga ya tambayi na bayana, "Baba, kai ɗalibi ne?"

Wata tsohuwar murya ta ce, "A'a, ni mai gadi ne. Jira nake yaron nan ya gama ya ɗauke mini babur daga ƙofa, amalanke za ta shigo."

Jama'a, na waiga. Dattijo ne da sandarsa, shi kaɗai, yana dubana cikin tausayi. Mai ƙirga ya gyara murya ya ce to a soke ɗayan. Wani har da faɗuwa daga kan benci don dariya. Na rasa yadda zan yi da hannun nan da ke sama, sai na sauke shi a hankali na sosa ƙeya, wai dama abin da na ɗaga shi yi ke nan. Mubarak ya zo ya rungume ni yana cewa siyasa ba da gaba ba, ni dai da ya mare ni da na fi jin daɗi.

Hanyar gida ta yi mini tsawo. Dama da hagu gonaki cike da mutane, ina ta hango 'yan cikin littafina, wanduna a naɗe. Wasu har ɗago mini hannu suke suna "Kwamared, yaya aka tashi?" Ban ji haushinsu ba, ƙarfin jin haushin ma babu. Sun yi abin da duk ɗan da ya san ciwon gidansu zai yi.

Na so in sulale ɗaki, amma hanyar ta gefen gonarmu ta bi. Can na hango mutum yana sara da sungumi, Baba na binsa a duƙe yana zuba iri yana binnewa da ƙafa. Sabi'u ne. Ya gama tasu da hantsi, ya ga tsoho shi kaɗai, ya tsallako.

Na tsaya a bakin gona kamar an dasa ni. Baba ya miƙe da ƙyar, bai tambaye ni nawa na samu ba, fuskata ta riga ta faɗa masa. Ya miƙo mini ƙwaryar irin.

"Sannu da zuwa, shugaba. Cire takalmin, ka bi bayan Sabi'u."

Na bi shi har magariba, da farar shaddata. Tun daga ranar, duk wanda ya zo ya ce mini jama'a na sona in fito, sai in ɗaga kai in dubi gabas tukuna, sannan in tambaye shi ko an yi shuka a gidansu.