Kaset ɗin Ɗakin Sanyi

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da hannun Ramatu a kan tarho ba, da jan lalle har wuyan hannu. Ranar ce Mushe Abdu (Mushe shi ne Malam a Faransanci), ma'aikacin waya, ya zo ya kafa mana wani akwatin ƙarfe a bangon biro, wato ofishinmu. Lokacin fari ne, soji ke mulki, ni kuwa ina aiki a wani ma'ajin magani a unguwar Harobanda, inda ake ajiye allurar ƙyanda ta yaran da yunwa ta koro Yamai. Ramatu ce sakatariyarmu.

Mushe Abdu ya yi bayani. Akwai waya mai auna zafi da ta shiga ɗakin sanyi, in zafi ya wuce ƙa'ida akwatin zai buga tarho da kansa, ya kunna kaset mai cewa a zo a duba. Lamba ta farko ta teburin Ramatu ce. Iyakar abin da na ji ke nan (sauran bayanin ya same ni ina kallon lalle).

Wata uku ina son yarinyar nan ban iya furtawa ba. Littattafan soyayya da direbobi ke kawo mini daga Maradi na haddace su, amma da ta ce "Isufu, ina kwana?" sai in ce "Lafiya lau," in shige bayan kwalaye. Na ƙudura a raina cewa ko ta wace hanya sai ta ji. Baki ya gaza, to, akwatin zai faɗa.

Wata Laraba da tsakar rana, kowa ya tafi cin abinci, na buɗe akwatin na shafe muryar Mushe Abdu, na ɗora tawa. Sau shida ina sakewa. Ban ambaci suna ba, don jaruman littafi ba sa yi. "Ya ke tauraruwata, tun da na ga hannunki barci ya ƙaurace mini. Ki bar duk wanda kike tare da shi, ki zo gare ni."

Na hango ta dawo, na ɗauki kofin shayi mai zafi na shiga ɗakin sanyi, na manna shi a bakin wayar. Tarhonta ya yi ƙara, ba a ɗauka ba. Ashe shef, shugaban ma'ajin, ya aike ta da takardu tun kafin ta zauna. Ni dai na tsaya, haƙora na karo, na ce ko zan daskare ba zan sauke kofin ba sai ta ɗauka.

Abin da ban saurara ba shi ne lambobi uku ne. In ta farko ba ta amsa ba, sai gidan likita, sai gidan Kapitan ɗin da aka ɗora wa kula da kayan agaji. Kuma akwatin ba ya dainawa sai an zo an danna jan maɓalli. Matar Kapitan ta ɗauka sau uku. Na huɗu shi ya ɗauka.

Ƙarar motar soji ce ta fito da ni daga ɗakin sanyi. Ma'aikata sun taru, likita ya zo da silifa ƙafa ɗaya, Kapitan yana tsaye gaban akwatin, muryata tana fita.

"Wane ne mai tauraruwa?"

Na ɗaga hannu, da kofin a ciki.

"Ina ka ga hannun matata?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ba nata ba ne."

"Na wa ne?"

Na leƙa cikin kofin. Baba Hima mai gadi ya ce, "Kapitan, na Ramatu ne, duk unguwa ta sani, shi kaɗai yake jin asiri ne." Har sojojin suka juya baya suna dariya.

Kapitan bai yi dariya ba. Ya ce da firigon, wato injin sanyin, ya mutu da gaske yau, da waƙar soyayya za a aika masa, yara su rasa allura. Ya sa na sake ɗaukar saƙon gaskiya a gaban kowa, sannan na yi sati biyu ina sauke buhunan dawa a rana. Na koyi cewa maganar da za ta yi tafiyar taku huɗu ba ta buƙatar waya, kuma in ana bayanin na'ura, na'urar ake kallo.

Ramatu ta nemi canjin aiki zuwa garin Tawa, can ta yi aure. Bayan shekaru da yawa muka yi kiciɓis a unguwar Zongo ta Yamai, ta zama Hajiya mai kantin magani, ni ina riƙe wa matata leda.

"Isufu," ta ce, "ka san har yau ban ji kaset ɗin nan ba? Kowa ya ji sai ni. Me ka ce a ciki?"

Matata ta juyo tana jira. Na buɗe baki, na tambayi Ramatu ya ruwa bana a Tawa.