Yadda Mushe Amper Ya Kawo wa Albasa Kuran

Garin da ya samu mutum irin Alƙasim ya ci sa'a, kuma Tamaske ta ƙasar Adar ta ci. Shekara shida ya yi a Yamai yana canza ƙwan lantarki a ofisoshin gwamnati, ya dawo a 1983 da tabarau, da biro uku a aljihu, da takardar shaida mai tambari biyu. Ba ya cewa wuta, sai kuran. Ba ya iya gaisawa bai ambaci amper ba, shi ya sa aka sa masa Mushe Amper, wato Malam Amper da Faransanci. Ya ɗauka sarauta ce.

A shekarar ne manoman albasa na fadama suka samu famfon lantarki. Saura gurup, injin da zai ba shi wuta. Da jin haka Fatsima, wadda ke ci da 'ya'ya biyar daga lambunta, ta ninka dashenta sau uku, fiye da abin da guga zai iya shayarwa. Wasu ma suka yi koyi da ita.

Wa zai faɗi girman gurup ɗin da za a sayo? Tambayar ma rashin ladabi ce. Mushe ya durƙusa gaban famfo, ya karanta rabin abin da ke rubuce a jikinsa, amper goma sha biyu, ya miƙe.

"Jama'a, wanga ilimi ba na kowa ba ne. Amper sha biyu sau volt ɗari biyu da ashirin, a raba da dubu. Ƙarfin gurup ke nan, kVA biyu da 'yan kai. Ku sayo mai uku, na yi muku gyara."

Ishaya, makanikin wani asibitin mishan da ya zo ganin surukinsa, ya leƙa shi ma.

"Mushe, wanga famfo mai layi ukku ne, volt ɗari ukku da tamanin. Sai an ƙara ninkawa da ɗaya da ɗigo bakwai. Kusan takwas yake so, ban da ƙarfin tashi."

Mushe ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai malam, ina diplom ɗinka? Shekara shida ina Yamai, duk ƙwan da na taɓa ɗari biyu da ashirin ne. Kuran bai canza hali don ya zo Adar ba."

Hujja ta yi ƙarfi. Ishaya ya hau kekensa.

Ranar buɗewa an shimfiɗa tabarmi, an aro lasifika an jona a sabon gurup, Kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, ya zo daga Keita. Mushe ya yi jawabin minti arba'in a kan ci gaba, sannan ya danna maɓallin famfo da yatsa ɗaya. Gurup ya yi tari sau biyu, ya yi hayaƙi, ya mutu. Famfo ya zubo abin da zai cika buta.

"Lissafi daidai yake," in ji Mushe. "Famfon ne bai san lissafi ba."

Fatsima ta ɗauki guganta. Ta ceci kashi ɗaya cikin uku na albasarta, sauran ya bushe a kan idonta cikin mako biyu.

Kada dai a ce gurup ɗin bai yi amfani ba. Da aka cire famfo ya tashi lafiya lau, kuma lasifika ba ta cin wuta. Har yau duk ranar kasuwa ana jin Mushe daga fadama yana bayyana yadda ake mai da amper kVA, mata na jan guga suna saurare.