Majo Jibo da Gwiwar Hannun Marwa

Allah ya yi wa Matankari gata da ya ba ta Majo Jibo. Shekara ashirin ya yi yana aiki a wata likita, wato asibiti, a Dogon Dutsi. Gaskiya ne aikin buɗe ƙofa ne da rufewa, amma ai duk ciwon da ya shiga ta gabansa ya wuce. Da ya aje aiki sai ya dawo mana da farar riga, da tabarau, da Faransanci kalma tara. Shi ya naɗa kansa Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya. Mu kuwa a bayan idonsa Lokotoron Ƙofa muke ce masa.

Wata Juma'a da hantsi yana ƙofar gida, yana koya wa maƙwabta yadda Turawa ke ƙarfafa ƙashin yara, sai ga jikarsa Marwa, 'yar shekara biyu da rabi. Ya cafko hannunta na hagu, ya ɗaga ta sama, ya yi lilo da ita.

"Wanga shi ne jimnastik!"

Marwa ta tsala ihu. Da ya sauke ta hannun ya saki, ta maƙale shi a jiki, ko ƙosai ta ƙi karɓa da shi. Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Uwarta Ramatu, matar ɗansa, ta fito a guje. Majo ya gyara tabarau.

"Lukusasiyon ce. Gwiwar hannu ta goce. Ku matan yanzu kullum kuna fizgar ɗiya da hannu guda in za ku rijiya. Bari ubanta shi dawo shi ji aikinki."

Ramatu, baiwar Allah, ba ta musu da suruki. Ta hau kuka, tana tuno duk ranar da ta taɓa jan yarinyar.

Majo ya faskara kara, ya yi ɗori, ya naɗe da rawaninsa. Ɗori mai kyau, wallahi, ba a taɓa ganin irinsa ba. Sai dai a hannun dama ya yi shi.

Kuka ya ƙi tsayawa. Ramatu ta goya 'yarta ta nufi likita, Majo na biye don ya yi wa abokan aiki bayani. Madam Karima, mai duba yara, ta kwance lafiyayyen hannun. Ta riƙe gwiwar hannun hagu, ta juya tafin sama, ta lanƙwasa. Ƙas! Can an jima Marwa ta yi shiru.

"Gaɓar yara ba ta yi ƙwari ba, fizga ɗaya kan gusar da ita," in ji Madam. "Wa ya ja ta?"

Ramatu ta sunkuyar da kai. Majo ya yi gyaran murya. "Madam, ai na riga na yi ma uwar faɗa."

Marwa ta ɗaga hannun hagu, ta miƙe shi sarai, ta nuna tabarau.

"Kaka ya yi min lilo."

"Madalla," in ji Madam Karima. "Hannu ya koma. Dubi yadda yake nuni, ko karkacewa babu."