Sallamar Nomau a Alƙahira

A ƙauyenmu na Ruwan Tsamiya akwai wani gida mai mutum uku: Nomau, da matarsa Yelwa, da kakarsa Iya Tabawa. Nomau mutum ne da yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Mutane na cewa wawa ne. Yelwa kuwa cewa take, duk mazan garin shi kaɗai ne bai san yadda ake saɓa alkawari ba.

Wasu na cewa gado ya yi. Tun Iya Tabawa na da cikin fari mijinta Malam Barmo ya tafi Masar neman ilimi, ya ce mata, "Ki bar mini ƙofa a buɗe, ina nan dawowa." Bai dawo ba. Ita kuwa ta sa aka cire ƙyauren ɗakinta, ba a sake mayar da shi ba har kanta ya yi fari fat. Muna yara tsoron giftawa ta wurin muke yi, don ko inuwa ce ta wuce sai ta ɗago kai ta ce, "Malam?"

Wata rana ciwon yanar ido ya rufe wa Iya gani, dangi na birni suka shirya kai ta Alƙahira a yi mata aiki. Iya ba ta taɓa yarda da asibiti ba, amma da ta ji sunan garin ita ta fara ɗaure kaya. Kowa ya san ba ido take nema ba. Aka ce Nomau ya raka ta. Yelwa ta gyara masa hula, ta ce, "Maigida, garin mutane ne. Duk inda za ka shiga ka yi sallama, kuma ka tsaya sai an amsa." Ya ce to. Da suka isa masauki, ƙofar lif, na'urar hawa bene, ta buɗe da kanta. Nomau ya leƙa, ba kowa, ya yi sallama. Ƙofa ta rufe. Ta sake buɗewa, ya sake sallama. Daga ƙarshe ya goya Iya ya hau matakala da ita har sama, yana haki. Ya ce, "Iya, gidan nan akwai mai buɗe ƙofa da ba a ganinsa, kuma ba ya amsa sallama." Iya ta ce, "Ja'iri, ni dai kada ka kayar da ni."

Wata rana, bayan an yi aikin an naɗe wa Iya idanu, Malam Ila, wani ɗan Gusau mai karatu a Jami'ar Azhar da ke yi musu tafinta, ya kai Nomau gidan tarihi. Suka gangara wani ɗaki mai sanyi da ƙarancin haske, inda gawawwakin mutanen dā ke kwance cikin akwatunan gilashi. Malam Ila ya raɗa masa, "Tsofaffin sarakunan ƙasar nan ne, sai a yi ladabi." Nan take Nomau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban na farko, ya ce, "Salamu alaikum. Ranka ya daɗe." Ya jira. Masu kallo suka taru a bayansa, mai gadi ya zo yana faɗa, Nomau bai motsa ba. Sai da aka ɗaga shi cak. A waje ya ce, "Malam, saura kaɗan ya amsa. Leɓensa ne ya bushe. Amma na ga ya ji ni." Malam Ila ya yi dariya, sai dai bai sake waiwayar ƙofar ɗakin ba.

Wata rana suka je Bab Zuwaila, tsohuwar ƙofar gari mai hasumiya biyu. Malam Ila ya ba shi tarihi: birnin ya haura shekara dubu, ta nan ayarin alhazai ke wucewa, a nan kuma ake rataye kawunan waɗanda aka yanke wa hukunci. Ya dafa bangon ya ce, "Duk wanda ya shigo garin nan, dutsen nan ya gan shi. Shi ya kamata a tambaya." Nomau ya kafa baki a jikin dutse ya ce, "Ka ga Malam Barmo?" Sannan ya manna kunne. 'Yan yawon buɗe ido suka ɗauka al'ada ce, su ma suka jeru suka manna nasu, har hanya ta toshe, masu motoci na ta zagi. Da aka ɓamɓare shi ya ce, "Bai faɗi komai ba. Numfashi kawai yake yi."

Ranar komawa ta matso. Malam Ila ya tambaya a masallatai da gidajen ɗalibai, babu wanda ya taɓa jin sunan Malam Barmo. Iya ta daina cin abinci. Ta juya fuskarta mai ɗaure wajen ƙofa, ta ce a bar ta a buɗe.

Wata rana Nomau ya dami Malam Ila da tambaya har ya gaji, ya ce, "Kai, mutumin da ya zo tun wancan zamani ai sai dai a neme shi a Ƙarafa." Ƙarafa makabarta ce, abin da yake nufi ke nan. Nomau kuwa ya samu adireshi. Da la'asar ya kama hannun Iya, wadda likita ya hana fita, ya sa ta a tasi.

Ƙarafa gari ne guda: tituna, gidaje, tsakar gida, ƙofofi. Matattu na ƙasa, masu rai na sama, ana shanya tufafi a kan kabari, ana dafa shayi a gefensa. Nomau ya bi gida gida yana sallama. Ana amsa masa da Larabci, yana wucewa. Suka kai wani lungu da babu motsin kowa sai kuliyoyi. Can ƙarshe ga wani gida mai jan bango. Ya yi sallama. Shiru.

Malam Ila ya kira su a waya ya ji inda suke, ya iso yana gumi. "Ka haukace? Nan ba mai amsawa! Ƙura za ta lalata mata ido!"

"Yelwa ta ce sai an amsa." Nomau ya ɗaga murya. "Masu gida! Ni ne Nomau, jikan Tabawa ta Ruwan Tsamiya!"

Can sai aka ji jan ƙafa daga ciki, a hankali, a hankali. Sannan wata murya ta fito, da Hausa tsantsa, irin ta mutanen dā:

"Tabawa, shigo. Ƙofa a buɗe take."

Malam Ila ya ja da baya yana salati. Iya ta saki hannun Nomau.

Wata tsohuwar Balarabiya ce ta fito, mai suna Ummu Sabir, tana dogara sanda. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya bayan waɗannan. Malam Ila ya fassara labarinta. Tun tana yarinya wani baƙin malami ya sauka a ɗakin da ke tsakar gidan, yana koyar da Alƙur'ani. Ciwo ya kama masa ƙafafu, ya kasa tafiya. Ya yi ta aika saƙo ta hannun alhazai, ba amsa. Kafin ya rasu ya haddasar da ita maganar nan, ya ce duk ranar da ta ji an ambaci Tabawa a bakin ƙofa, ta faɗa. Ta ce, "Na ɗauka zan mutu da ita a bakina."

Aka kai Iya ɗakin. Ta shafa bango, ta shafa bakin ƙofar sama da ƙasa. Babu ƙyaure. Ummu Sabir ta ce malamin ne da kansa ya sa aka cire, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin mayarwa.

Kabarin na bayan ɗakin. Nomau ya tsaya a kansa ya yi sallama, ya jira. Iya ta zauna a ƙasa, tafin hannunta a kan dutsen, tana murmushi irin wanda ba a taɓa gani a fuskarta ba. Rana ta yi ja. Can ta miƙa hannu ta ce, "Tashe ni. Ya amsa."

"Iya, ni ban ji ba."

"Ba kai ya amsa wa ba, ja'iri."

Idanunta sun warke sarai. Ranar da suka dawo Ruwan Tsamiya, kafin ta sha ko ruwa, ta aiki Nomau ya kira mata kafinta ya mayar da ƙyauren.